Rasuwar Blommie, Mai Jan Suruka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata waɗanda har yanzu baƙin mai bai fita daga cikinsu ba, Oom (wato Kawu) Barend Claasen na garin Rehoboth da mai ɗakinsa Antie Griet suna sanar da 'yan uwa, da 'yan coci, da abokan kamun kifi, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura, rasuwar motarsu a-kori-kura, Blommie. Ta cika ne a tsakar gidansu wata ranar Talata da hantsi, tana bakin aikinta, bayan doguwar jinyar da ta ƙi yarda tana yi.

Marigayiya ta shigo gidan Claasen tun Antie Griet na da cikin babban ɗansu Elrico. Fara ce sol a lokacin. Waɗanda suka san ta daga baya za su yi musu, su ce ruwan ƙasa ce mai jar ƙofa guda, to su ma ba su yi ƙarya ba, rayuwa ce ta mai da ta haka. Ta ɗauki awaki, ta ɗauki siminti, ta kai amare coci, ta kai mamata makwancinsu, ta kwashi mawaƙan coci kaf ɗinsu har da ganga, ba ta taɓa tambayar ina aka nufa ba. Ba ta da kwaɗayi. Abin da kawai za a faɗa, tun da gaskiya ake yi, tana ɗan taɓa man inji fiye da kima, amma a ɓoye take sha, kuma ba ta taɓa yi wa kowa rashin kunya a kansa ba. Ga kishin gida. Ba a yi ɓarawon da zai tayar da ita ba, domin sai an ɗaga sitiyari sama, an danna kuloci har ƙasa, an kira sunanta cikin ladabi. Mutum ɗaya ya taɓa gwadawa, gari ya waye masa a bakin ƙofa yana haki, Oom Barend ya ba shi kofi ya ce ya gaida gida.

Muryarta ba za ta fita daga kunnen unguwa ba. “Kirrr… kirrr… kirrr… tuf!” ita ce gaisuwarta ta safe, da ita matan layin ke ɗora ruwan zafi. “Gwaram!” ƙofar direba ke nan, wadda ba ta rufuwa sai da gwiwa. In kuwa aka kashe ta bayan doguwar tafiya, takan yi shiru kaɗan, sannan ta ce “tsssss”, kamar dattijuwar da ta cire takalmin biki.

Babban aikin rayuwarta dai shi ne jan Suruka. Suruka tirelar kwana ce, ɗakin nan mai tayoyi da ake ja zuwa bakin teku, wadda suka gada daga mahaifiyar Antie Griet. Ƙirar da ce, ƙarfe da katako, ba irin na yanzu da yaro zai tura da hannu ɗaya ba. A cikinta akwai gadaje, da murhun gas, da firjin daskarar da kifi, da tukwanen ƙarfe masu ƙafa uku tun daga ƙarama har wadda za ta ci rabin tunkiya. Oom Barend ne ya raɗa mata Skoonma, wato Suruka, wai don duk inda ka nufa tana bayanka, ga nauyi, kuma ita ke yanke shawarar inda za a karya kwana. Antie Griet ba ta taɓa yi wa sunan dariya ba, amma ita ma haka take kiranta.

Duk watan Disamba, in zafi ya kori gari zuwa teku, masu hankali kan bi kwalta ta Windhoek su isa Henties Bay da rana tsaka. Oom Barend burji yake bi. Ya ce Blommie ba ta shiri da 'yan sandan hanya, su ma ba sa shiri da ita, to me zai kai shi haɗa su? A kan burjin nan kuwa, bayan an tsallake wani busasshen kogi, akwai hawan da iyalin suke kira Kowa-ya-sauka. Nan marigayiya takan tsaya da kanta, ba sai an taka birki ba, ta ce “hu-hu-huuu”, kowa ya san abin da take nufi.

Elrico da ƙanensa Donovan su kama bayan Suruka. 'Yar'uwarsu Valencia ta kama gefen mota. Antie Griet ta bi tayar baya a ƙafa, rungume da wani jan bulo da take naɗewa a tsumma, da numfashin Blommie ya ɗauke sai ta cusa shi ƙarƙashin taya kafin komai ya koma kogi da baya. Oom Barend na kan sitiyari, kai a waje, yana ba da umarni.

“Ku tura mana! Abincin da na ba ku ina ya tafi?”

“Baba, sauko ka gwada, mu ma mu huta a kujera!”

“Griet, bulo! Bulo, baiwar Allah!”

“Ka ji ni da mutum! Ni ka ga na taɓa makara? Kai dai riƙe sitiyarinka.”

In an kai sama, akwai wata itaciyar ƙaya a bakin shingen gonar wani ɗan uwan Antie Griet. Nan ake zubewa a inuwa, a buɗe kofi, a ɓare dafaffen ƙwai, a yagi busasshen nama da burodin da aka gasa a kan garwashi. A zagi motar tas, a rantse bana ce ta ƙarshe, Donovan ya nuna wa kowa inda fatar hannunsa ta saɓule, Valencia ta yi dariya har ta ƙware. Marigayiya na gefe, bonet a buɗe, tana “tik… tik… tik”, ba ta taɓa rama zagi ba.

Yaran nan sun girma sun watse. Elrico na Tsumeb, Donovan na Oranjemund wajen aikin ma'adini, Valencia ma'aikaciyar jinya ce a Cape Town. Ista ba sa zuwa, aiki. Ranar haihuwar uban, waya. Amma Disamba ba wanda ya taɓa fashi, domin ba wanda zai so a ce shi ne bai zo ba ranar da Suruka ta ja tsoho da tsohuwa cikin kogi. Sukan zo suna mita, da matansu da mijin Valencia da jikoki, su tura, sannan su zarce bakin teku tun da an riga an zo. Oom Barend ya san wannan sarai. Makon nan shi kaɗai ne a shekara da yake ƙirga kawunan 'ya'yansa ya same su cif, kuma ya san ba kifi ke kawo su ba.

Ciwon ajali ya fara ne da tari tun cikin sanyi. Daga nan sai hayaƙi, fari da safe, shuɗi da rana. Aka kai ta wajen bakanike, ya sa kunne a ƙirjinta, ya daɗe yana saurare, ya ɗago ya cire hula ya ce a mai da ta gida a riƙa ba ta duk abin da take so. Oom Barend ya ce likitocin yanzu ba su san jikin mutanen da ba. A ranar da abin ya faru, ya ɗaura mata Suruka don gwajin da yakan yi kafin tafiya, daga tsakar gida zuwa bakin ƙofa kawai. Ta ce “kirrr”. Ya kira sunanta. Ta ce “kirrr… tuf”, ta yunƙura, ta ja Suruka kamar taku biyu, domin ita ba mai barin aiki a inda ta same shi ba ce. Sai wani abu a cikinta ya ce “ƙwal”. Bayan nan ba ta ƙara cewa komai ba, ko “tsssss” ɗin ba ta yi ba. Oom Barend ya zauna a ciki har rana ta take, Antie Griet ta kai masa kofi ta taga, ba ta ce masa ya fito ba.

Ta rasu ta bar Oom Barend, wanda har yau in zai rufe ƙofar banɗaki da gwiwa yake bugunta. Ta bar Antie Griet, da 'ya'ya uku da ta rena a bayanta, da jikoki. Ta bar Suruka a tsakar gida, hanci a ƙasa, ta tare hanyar shanya. Ta bar safaya taya wadda ba ta taɓa ganin iska ba, da wani tabon mai a ƙasan rumfa da ba za a wanke ba. Ta kuma bar jan bulo, abokin tafiyarta, wanda ke kan teburin kicin.

Iyali na godiya ga duk waɗanda suka yi ta'aziyya. 'Ya'yan ma sun kira, kuma Allah ya sani sun yi ƙoƙarin sa murya ta yi rauni, amma ana jin sauƙin da ya sauko musu ta cikin wayar.

“Baba, sai haƙuri,” in ji Elrico. “Amma ka ga yanzu sai ka samo mai ƙarfi, ku hau abinku kai da Mama, ba mai karya baya.”

“Gaskiya ne,” in ji Donovan. “Ni ma bana da ma aiki ya yi yawa. Ma yi waya ta bidiyo in kun isa, ka nuna mana teku.”

Oom Barend ya ce to. Ya ajiye wayar, ya fita ya tsaya kusa da gawar ya daɗe.

Valencia ba ta tsaya a magana ba. Daga Cape Town ta haɗa uban da wani dillalin motoci a Windhoek mai suna Quinton, mutum mai fara'a da takalmi mai tsini, ta ce kada ya bar tsohon ya fita da abin da ba zai iya aikin ba. Quinton ya ce kafin a zaɓi mota sai an san nauyin abin da za ta ja, kuma da kayansa a ciki, ba wayam ba. Aka roƙi maƙwabci ya ja Suruka zuwa ma'aunin manyan motoci. Mai ma'aunin ya duba allonsa, ya fito ya zagaya bayan tirelar ya ga ko wata motar ce ta hau tare da ita.

“Oom, me ke cikin nan?” in ji Quinton.

“Kayan hutu.”

“Kuma waccan tsohuwar ce ke jan wannan? A takarda fa ya kamata a ce ta mutu tun ban shiga makaranta ba.”

“Blommie ba ta iya karatu ba,” in ji Oom Barend.

Quinton ya zaunar da shi ya yi masa bayani tiryan-tiryan. A nemi mai shan dizal, mai ƙarfin ja tun daga tashi. A nemi doguwa, don kada tirela ta riƙa kaɗa ta. A duba nauyin da zai danne ƙugiyar baya, a haɗa shi da na mutane da na tukwane, domin duk a kan mota ɗaya suke. A sa wa Suruka birkinta na kanta. Kuma kada a sayi wadda ƙarfinta ya yi daidai da kayan cif, a bar rara saboda hawa da zafi. Oom Barend ya saurara yana gyaɗa kai, duk kalmar da aka faɗa tana ƙara ɓata masa rai, domin duk gaskiya ce.

Motar farko da aka nuna masa ya ce launinta na 'yan siyasa ne. Ta biyu ya shiga ya zauna, wata mace ta yi magana daga cikin rediyo ta ce ya ɗaura bel, ya fito ya ce yana da mai gaya masa haka a gida. Ta uku ya zagaya ta, ya buga tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi, ya shinshina injin, bai samu abin kushewa ba.

“Wannan, Oom, ko a tsakiyar hawa ka tsaya ka ɗauke ƙafa, da kanta za ta riƙe,” in ji Quinton. “Ba dutse, ba bulo, ba mai turi.”

Oom Barend ya ja shi gefe ya rage murya. “Ɗana, ba ku da wadda ke ɗan wahala? Ba mai lalacewa ba. Wadda dai in ta ga hawa za ta ɗan nemi taimako.”

Quinton ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar tsohon sai ya daina, ya ce a'a, Oom, ba a yin irinsu yanzu.

Ta ukun aka kawo gida. Iyali ba su da abin faɗa a kanta sai alheri, kuma ba a sa mata suna ba tukuna. Asabar ɗin da ta biyo baya aka ɗaura mata Suruka aka nufi Kowa-ya-sauka don gwaji, tsoho da tsohuwa su biyu. Antie Griet ta ɗauko bulonta ta ɗora a cinya, ba wanda ya ce mata ta bari. Aka tsallake kogi. Oom Barend ya buɗe baki zai ce kowa ya sauka, kafin ya rufe har sun wuce rabi. Motar ba ta yi tari ba, ba ta yi nishi ba, sanyin cikinta ma bai ragu ba. Hawan da yakan cinye musu safiya guda, da ashar da addu'a da saɓulewar fata, ya ƙare kafin waƙar da ke rediyo ta ƙare.

Suka tsaya a gindin itaciyar ƙaya. Antie Griet ta zuba kofi, ta ɓare ƙwai biyu. Ƙwai biyu! A wurin da akan cinye tire guda ana faɗa a kan gishiri. Ba mai haki, ba mai zagi, ba mai nuna hannu. Oom Barend ya riƙe ƙwansa bai ci ba, hawaye na bin gemunsa, bai ma damu ya ce ƙura ce ba.

“Ta yi kyau,” ya ce. “Motar kirki ce. Shi ke nan, Griet, ba za su ƙara zuwa ba.”

Antie Griet ta dubi bulon da ke cinyarta, ta dubi hawan, ta dubi shingen gonar ɗan uwanta. Ta shanye kofinta tas, ta kife kofin.

“Wa ya ce maka an binne Blommie?” ta ce.

Da suka koma gida ita ta riƙe waya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Elrico ne ya fara tsayayya.

“Jana'iza? Mama, mota ce fa.”

“Mota ce? Wa ya kai ni asibiti ranar da za a haife ka? Ubanka ya suma a hanya, ita ba ta suma ba. In ba za ka zo ba ka faɗa mini, in san abin da zan gaya wa mutane a coci.”

Donovan ya ce ai sabuwar motar za ta iya jan gawar har sama cikin minti kaɗan. Antie Griet ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an bar baƙo ya ɗauki gawar gida ba alhali 'ya'yan gidan na da hannu. Valencia ce ta ƙarshe. Ita kam ta gane dabarar, sai ta ce, “Mama, a dafa ƙwai da yawa.”

Don haka ga yadda aka tsara. Za a yi jana'izar ranar Asabar ta biyu a cikin watan Disamba. Magajiyar marigayiya za ta ja gawar daga Rehoboth zuwa bakin busasshen kogi, nan iyakarta, sai ta koma gefe ta riƙe Suruka. Daga nan 'ya'ya da surukai da jikoki za su sa hannu su kai ta sama. Bakanike ya ba da shawarar a cire injin don a rage nauyi, Oom Barend ya ce da cikakken jikinta ta zo, da shi za ta tafi. Shi zai zauna a sitiyari kamar kullum, kuma an roƙe shi ya rage tsawa saboda alfarmar ranar, bai yi alkawari ba. Za a kwantar da ita a gindin itaciyar ƙaya, cikin shingen gonar, fuskarta na kallon teku. Antie Griet za ta sa mata jan bulo a ƙarƙashin tayar baya, kuma wannan karon ba za ta cire ba. Ba a bukatar furanni. Bayan an sha kofi, masu makoki za su zarce Henties Bay su yi zaman mako guda, tun da an riga an zo.

Kamar yadda aka saba wa kowane mamaci mai daraja, za a yi bikin buɗe dutsen kabari bayan shekara, wato Disamban baɗi, a wannan wuri, kuma kowa ya san ba a buɗe dutse sai 'ya'ya sun cika. Na shekarar da ke biye kuwa, Antie Griet ta ce a bar mata, ta lura kwanan nan Suruka ma ba ta jin daɗin jikinta.

Oom Barend ya tambaye ta har yaushe take ganin wannan dabara za ta kai su. Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

“Har ranar da ɗayanmu za su ɗauka,” ta ce. “Wannan ba sai na kira kowa ba. Ni so nake su zo tun muna iya ɓare musu ƙwai.”

Allah ya ba mu haƙurin rashin Blommie, ya sa ta huta daga hawa. Masu zuwa su zo da wuri kafin rana ta yi zafi, kuma su sa takalmin da ba ya santsi.